Abin da Ƙanƙara Ke Faɗa Idan Ta Faɗa Cikin Kofi

Saura 'yan mintoci a sha ruwa. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ga dabino a faranti, ga ƙosai yana huci, ga jug cike da zoɓo a gefe. Ranar an taki sa'a, tun dare aka kawo wuta ba a ɗauke ba, saboda haka ba a aiki kowa bakin titi sayen ƙanƙara ba, ta firizar gida aka ciro. 'Yar yayata, wadda ke aji biyar na firamare, ita aka sa ta zuba. Ta ɗauki gutsure ɗaya, ya manne mata a yatsa, ta yarfa shi cikin zoɓon. Ƙas! Kafin ta janye hannu sai ga wata ƙarar, ƙaras-ƙas, kamar an taka busasshen kara.

"Kawu, jug ɗin ne ya tsage?"

Na ɗaga shi na duba, lafiyarsa ƙalau. Ƙanƙarar ce ta tsage. Ga wani farin layi ya ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan, amma ba ta rabu biyu ba.

"To ai wadda muke sayowa ba ta yin haka," in ji ta.

Ladan ya kira salla, aka yi bismilla, maganar ta bi ruwa. Amma abin da yarinyar ta lura da shi, shi ne bakin zaren. Duk wanda ya yi azumi cikin bazarar Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko Damagaram, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san darajar ƙanƙara. Ya san layin da ake ja gaban mai sayar da ita da la'asar sakaliya, ya san yadda kuɗinta ke tashi in an kwana biyu babu wuta. Ita wannan da ake sayowa a leda tana ɗigar ruwa, in an jefa ta cikin kunun aya, shiru take yi. Ta firiza kuwa, busasshiya mai fitar da hayaƙin sanyi, ita ce mai tsiwa. Ruwa ɗaya ne aka daskarar. To daga ina bambancin ya fito?

Sanyi hawa-hawa ne

Yawancinmu mun ɗauka ƙanƙara ƙanƙara ce, da zarar ruwa ya daskare shi ke nan, sanyi ya kai maƙura. Ba haka ba ne. Ruwa yana daskarewa a digiri sifili na ma'aunin Salshiyas, amma in aka bar shi cikin firiza bayan ya daskare, sanyinsa zai ci gaba da ƙaruwa har ya yi daidai da na firizar. Firizar gida mai lafiya, wadda ta sami wuta yadda ya kamata, takan tsaya a wajajen digiri 18 ƙasa da sifili. Shi ya sa gutsuren ya manne wa yarinyar a yatsa: ɗan damshin da ke fatarta ne ya daskare nan take, ya zama kamar gam.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne halin daskararrun abubuwa: in sun ji zafi sai su buɗe, in sun ji sanyi sai su tsuke. Wannan ne dalilin da ya sa ake barin ɗan gurbi tsakanin ƙarafan tsohon layin dogo, kuma shi ya sa wayoyin lantarki ke yin lanƙwasa tsakanin turaku da tsakar ranar bazara. Ƙanƙara ma haka take, har ta fi su rawar jiki. In aka ƙara mata zafi da digiri ɗaya, buɗewar da za ta yi ta ninka ta ƙarfe wajen sau 4, ta ninka ta gilashin kofi wajen sau 5.

Kada a haɗa wannan da kumburin da ke fasa kwalba a firiza. Wancan yana faruwa ne sau ɗaya, a daidai lokacin da ruwa ke juyewa ƙanƙara, inda girmansa ke ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Shi ne ke tsaga kwalbar lemon da aka manta, shi ne kuma ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa ba ta nutsewa. Amma da ta gama daskarewa, sai ta koma bin dokar sauran daskararru: ƙarin sanyi, ƙarin tsukewa.

Shanun huɗa biyu, karkiya ɗaya

Yanzu a dubi abin da ya sami gutsuren nan a daƙiƙar farko. Ya fito daga firiza a tsuke, ciki da waje sanyi ɗaya, digiri 18 ƙasa da sifili. Ya faɗa cikin zoɓon da ya yini a ɗaki, mai ɗumin digiri 30 ko fiye. Ruwa ya fi iska saurin miƙa zafi nesa ba kusa ba, don haka cikin ƙiftawar ido fatar ƙanƙarar ta hau zuwa sifili. Tsakiyarta kuwa ko labari ba ta samu ba, domin zafi yana buƙatar lokaci kafin ya ratsa ciki.

Fatar ta ji ɗumi, tana son ta buɗe. Tsakiyar tana nan a tsuke. Ga shi kuma jiki ɗaya ne, babu mai iya motsi ba tare da ɗan'uwansa ba. Manomi ya san abin da ke faruwa in an haɗa shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya, ɗaya ya zabura ɗaya ya turje: karkiyar ce ke ji a jikinta. Haka fatar ke jan tsakiyar ta kowane gefe, tsakiyar na ƙin bi.

Buɗewar da ake wannan rigima a kanta ba ta taka kara ta karya ba. A gutsure mai faɗin santimita 3, duka-duka ba ta kai kaurin silin gashi ba. Da roba ce, ko danƙo, da sai ta ɗan miƙe, magana ta wuce. Amma ƙanƙara tana da gautsi, ba ta san lanƙwasa ba. Tana da wani hali kuma irin na dutse da siminti: tana jure danniya, amma ba ta jure ja. In ka ɗora mata nauyi za ta ɗauka, in ka ja ta gefe da gefe sai ta dare. Tunda tsakiyar ce ake ja, daga can ciki tsagar ke farawa.

Tsagar ba ta tafiya a hankali. Da ta sami kafa, sai ta ratsa gutsuren gaba ɗaya cikin lokacin da ido ba ya iya bi. Ƙarfin da ya taru a jikin ƙanƙarar ya fita lokaci guda, ya girgiza ta, girgizar ta shiga zoɓon, ta bugi bangon jug, ta fito iska, ta iso kunne. Wannan shi ne ƙas ɗin. Sauti yana gudu cikin ƙanƙara da saurin da ya ninka gudunsa cikin iska wajen sau 10, kuma kofin gilashi ko na silba yana ƙara masa amo. In tsaga ɗaya ba ta isa ta sauke nauyin ba, sai ta biyu da ta uku su biyo baya, har jikin ya huta.

Me ya hana gutsuren rabewa biyu? Sau da yawa tsagar ba ta kaiwa ko'ina, kuma ruwan da ya kutsa cikinta yana tarar da tsakiya mai tsananin sanyi, sai ya daskare nan take ya ɗinke ta. Farin layin da muka gani cikin zoɓon tabo ne na raunin da ya riga ya haɗe.

Akwai wani abu a nan da mutane kan ɗauka a baibai. Komai zafin abin sha, fatar ƙanƙara ba za ta wuce sifili ba, in ta wuce ta zama ruwa ke nan. Saboda haka girman tazarar da ke tsakanin fata da tsakiya, sanyin ƙanƙarar ne ke yanke shi. Zafin abin shan sauri kawai yake ƙarawa. Shi ya sa ko cikin ruwan randa mai sanyi ka jefa ta firiza, za ka iya jin ƙarar, amma a ruwan ɗumi ta fi fitowa da gaggawa.

Farin da ke tsakiya

Duk wanda ya taɓa fasa ƙanƙarar leda ya ga gefenta garau kamar gilashi, tsakiyarta kuwa fari fat kamar alli. Wasu kan ce datti ne. Galibi iska ce. Ruwan famfo da na rijiya duka suna ɗauke da iska narkakkiya wadda ido ba ya gani. Ƙanƙara kuwa ba ta karɓar baƙo a jikinta: yayin da take ginuwa, tana ture iska da gishirin da ke cikin ruwan zuwa gaba. A firiza sanyi yana shigowa ta kowane gefe, don haka waje ne ke fara daskarewa, a yi ta kora iskar ciki har ta rasa mafita, ta maƙale a tsakiya a matsayin dubban 'yan ƙananan gurabu.

Ba iska kaɗai ke maƙalewa ba. Ruwan ƙarshe da ya rage a tsakiya, shi ma in ya zo daskarewa yana son ya kumbura, ga shi an riga an kewaye shi da katanga. Sai ya tunkuɗa katangar daga ciki. Wannan ne ke sa ƙanƙara fitowa da ƙusumbi a sama, wani lokaci har da tsaga tun tana firiza. Ke nan kafin ta ga zoɓo ma, da ciwonta a ciki. Kowane gurbin iska wuri ne mai rauni da tsaga za ta iya farawa daga gare shi, kamar yadda yadi ke yagewa daga inda almakashi ya ɗan taɓa.

Masu sassaƙa ƙanƙara a ƙasashen sanyi, waɗanda ke fitar da siffar doki ko tsuntsu daga babban dunƙule, sun san wannan sarai. Suna amfani da ƙanƙarar da aka daskarar daga gefe ɗaya a hankali, yadda iskar za ta sami hanyar fita, ta zama garau. Kuma ba sa taɓa ta da makami tana fitowa daga sanyi. Sai sun ajiye ta ta huta, farin da ke jikinta ya washe ta fara sheƙi, sannan su fara aiki. In sun yi gaggawa, dunƙulen zai tsage musu.

Mun san wannan a ƙwan fitila

Wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai ba ya buƙatar dogon bayani. In ƙwan ya yi zafi, ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa masa, sai ka ji ƙas, gobe sai sayen sabo. Dokar ɗaya ce, sai dai an juya ta: wurin da ruwan ya taɓa ne ya tsuke farat ɗaya, sauran jikin yana a buɗe. Haka kofin gilashi mai kauri ke tsagewa da sanyin hunturu in aka kwara masa tafasasshen shayi. Haka kuma masu fasa dutse ke hura wuta a kan fa, su bar zafi ya yi musu rabin aikin kafin su ɗauki guduma.

Wannan matsala ta taɓa zama ta rai da mutuwa a Amurka. A farkon ƙarni na 20, fitilun da ke ba jiragen ƙasa hannu sukan tsage in ruwan sama ko dusar ƙanƙara ta taɓa gilashinsu mai zafi. Kamfanin Corning ya samar musu da gilashin da aka haɗa da sinadarin boron, irin wanda wani Bajamushe mai suna Otto Schott ya fara ƙerawa a garin Jena a ƙarshen ƙarni na 19. Buɗewar wannan gilashi in ya ji zafi kusan kashi ɗaya cikin uku ce na ta gilashin yau da kullum. Daga nan ne aka fitar da kwanukan Pyrex a 1915. Ba a ƙara wa gilashin ƙarfi don ya ci rigimar ba, rigimar aka rage.

Shirun ta bakin titi

Mu koma wajen mai ƙanƙara. Tun da hantsi ya ɗauko kayansa daga inda ake daskararwa, ya jera su cikin kula ko tsohuwar firizar da ba ta aiki, ya lulluɓe da buhu, wani ma har da garin katako. Kafin la'asar ƙanƙarar ta yi sa'o'i tana shan ɗumi sannu a hankali, ciki da waje duka sun hau sifili tare. Alamar ita ce ruwan da take ɗiga da sheƙin da take yi. In ta faɗa cikin fura, babu fata mai ja, babu tsakiya mai turjiya. Narkewa kawai za ta yi.

Sai mutum ya ce, to ashe an cuce mu, sanyin ya tafi. A nan ne lissafi ke ba da mamaki, kuma wanda ya fara warware shi wani malami ne a jami'ar Glasgow ta Sikotilan, Joseph Black, a wajajen 1761. Ya lura cewa ƙanƙara tana daɗewa tana shan zafi ba tare da ma'auni ya motsa daga sifili ba, har sai ta narke duka. Ya kuma yi nuni da cewa da ba don haka ba, da dusar ƙanƙarar da ke kan tsaunuka ta narke rana ɗaya in ɗumi ya shigo, ambaliya ta share garuruwa. Zafin da ake buƙata don narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara, shi ne zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80, wato dab da tafasa.

Zafin da ƙanƙara ke sha kafin ta hau daga digiri 18 ƙasa da sifili zuwa sifili kuwa, bai wuce kashi ɗaya cikin tara na wancan ba. Ma'ana, in ka auna kilo ɗaya na mai ƙara da kilo ɗaya na mai shiru, mai shirun tana riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na sanyin da mai ƙarar za ta ba ka. Narkewa ce ke sanyaya abin sha. Asarar mai saye tana cikin ruwan da ya riga ya tsiyaye a ƙasan leda, don haka nauyin abin da ya rage a daskare shi ne abin dubawa.

Wannan lissafin ne kuma ke bayyana abin da uwar gida ta sani da hannu. In ana gaggawa, sai a sa ƙanƙarar cikin tsumma mai tsabta a buga da muciya, domin ƙanana sun fi taɓa ruwa ta fuskoki da yawa, sanyi ya fi saurin kamawa, su kuma su fi saurin ƙarewa. In ana son ta kai sahur, babban dunƙule ake bari. Abu ɗaya dai da sanyi ba ya yi shi ne wanke ruwa: daskarewa ba ta kashe dukkan ƙwayoyin cuta, tsabtar ƙanƙara tsabtar ruwan da aka yi ta da shi ce. Haƙori ma gautsi gare shi, likitocinsa kan yi gargaɗi a kan tauna ƙanƙara.

Wata ƙarar daban

Ba kowace ƙarar kofi ce tsaga ba. In ka jefa ƙanƙara cikin lemon kwalba mai gas, sai kumfa ta taso da shuuu. Iskar kabon da aka matse cikin lemon ce ke neman wurin da za ta kama ta fita, kaushin jikin ƙanƙara kuma ya ba ta wurare ba adadi. In ka ɗauraye ƙanƙarar ta yi santsi, kumfar raguwa take yi.

Akwai kuma ƙanƙarar da ke da tata iskar a matse. A Antatika da Girinlan, dusar ƙanƙara tana zuba shekara bisa shekara ba ta narkewa, ta sama tana danne ta ƙasa har ta zama dutsen ƙanƙara, iskar da ke tsakani ta kulle a ciki cikin matsi mai tsanani. In gutsuren irinta ya narke, kowane gurbi fashewa yake da 'yar ƙara, kamar ana suya a mai. Masu bincike da suka zura na'urar naɗar sauti a ruwan gaɓar Alaska, inda irin wannan ƙanƙara ke narkewa, sun tarar yana cikin wurare mafi hayaniya a teku.

A 1965, wani masani Bafaranshe, Claude Lorius, yana aiki a Antatika, ya jefa gutsuren tsohuwar ƙanƙarar da suka haƙo cikin kofin barasarsa. Ya ga iska na ɓulɓulowa, sai tunani ya zo masa: wannan ai iskar zamanin da ce, wadda aka kulle tun ranar da dusar ta zuba. Daga wannan tunani aka gina fanni guda na ilimi. An haƙo ƙanƙara mai zurfin fiye da kilomita 3, an auna iskar da ke cikinta, an karanta yanayin duniya na shekaru 800,000 da suka wuce. Da yawa daga abin da aka sani game da alaƙar iskar kabon da ɗumamar yanayi, daga waɗannan 'yan gurabu ya fito.

Tsagar kanta ma tana da manyan 'yan'uwa. A ƙasashen da tafkuna ke daskarewa, ƙanƙarar saman tafki tana tsukewa da dare ta buɗe da rana, ta tsage da ƙara kamar harbin bindiga. A tafkin Suwa na Japan, wannan ja-in-ja yana tayar da doguwar kunya ta ƙanƙara a tsakiyar tafkin, kuma malaman addinin Shinto suna rubuta ranar fitowarta tun 1443. A 'yan shekarun nan, sau da yawa hunturu kan wuce ba ta fito ba, domin tafkin bai daskare duka ba.

Washegari

Kalmar ƙanƙara ta girmi firji a bakin Bahaushe. Kakanninmu sun san ta tana faɗowa daga sama da hadarin farkon damina, yara suna rige-rigen tsinta kafin ta narke. Yau a leda muke sayenta, amma har yanzu yara ne ke tsayawa su kalle ta.

Washegari da yamma na kira 'yar yayata, muka ciro gutsure biyu daga firiza. Ɗaya muka jefa cikin kofin ruwa nan take, ya yi ƙararsa. Ɗayan muka ajiye a faranti, muna kallo har farin jikinsa ya washe, ya fara zufa. Na ce ta jefa. Ta jefa, ta kara kunnenta a bakin kofin, ta daɗe tana saurare.

"Kawu, wannan ta zama irin ta mai ƙanƙara."

Daga ɗakin girki yayata ta ɗaga murya, ta ce in mun gama wasa da ƙanƙarar mutane, a rufe mata firiza, ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba.